Cika-ciki a Zauren Surukina

Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuto labarin wani biki na ƙasarmu, yadda ake yin sa da yadda ya gan shi da idonsa. Kusan duk ajin suka rungumi Sallah, wasu ƙarama wasu babba. Wani dattijo ya ce shi kokawar kaka zai rubuta, alhali mun san bai taɓa shiga fili ba. Da aka zo kaina na ce cika-ciki. Sai ajin ya kwashe da dariya, har da malamin, don a Batsari babu wanda bai ji abin da ya same ni a Safana ba. To, tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har wasu na cewa da kwanon na haɗiye, gara in rubuta shi da hannuna.

A wajenmu daren goma ga watan Muharram shi ne cika-ciki. Ranar kowane gida sai ya ɗora tukunyar da ta fi ƙarfinsa. Mai kaza ya yanka kaza, mai zabo ya yanka zabo, wanda ba shi da ko ɗaya ya je ya gaida mahauci da kyau. Amma sarauniyar tukunyar ita ce jelar ragon layya. Tun ranar Babbar Sallah ake cire ta, a shafe ta da gishiri, a kyafe, a rataye ta inda ɓera ba ya kai wa, maigida ma ba ya kai wa. Wata guda tana jiran wannan dare. In ta shiga miya, ƙamshinta kaɗai ya isa a san gidan da aka yi layya.

Kakata ta wajen uba ita ta sa mini tsoron daren. Takan ce duk wanda ya kwanta bai ƙoshi ba, to shi da ƙoshi sai shekara ta zagayo. Wai akwai masu bi ɗaki-ɗaki suna ƙwanƙwasa cikin yara kamar yadda ake ƙwanƙwasa kankana a kasuwa, wanda nasa ya yi ƙara sai a sa shi cikin mayunwatan bana. Mu kuwa mu yi ta ɗura tuwo har mu kasa sunkuyawa mu wanke hannu. Da na girma na ji malamai sun ce wannan ba shi da tushe, abin da ya zo a addini shi ne azumin ranar tara da ranar goma. Na yarda da malamai ɗari bisa ɗari. Sai dai akwai shekarar da zazzaɓi ya hana ni cin tuwon daren, kuma a shekarar ce tsutsa ta cinye mini gero. Ban ce akwai alaƙa ba. Amma tun daga lokacin nake yin azumin malamai, ina kuma cin tuwon kakata.

Sai maganar surukai. Mai ɗakina 'yar Safana ce, kuma sama da shekara ashirin da aurenmu ban taɓa kai loma bakina a gidansu ba. Haka aka tashe mu: miji ba ya cin abinci a gaban iyayen matarsa. In zan je sai in cika cikina tun daga gida. In durƙusa a zaure in gaida Baba, mahaifinta, in gaida Inna, mahaifiyarta, ta bayan ƙofa. A kawo kwanuka a jere mini, in ɗaga murfi in ce madalla, in mayar in rufe. Kafin la'asar na hau babur ɗina. In yunwa ta matsa, in tsaya wurin mai tsire a bakin tasha, in juya wa titi baya kada wani ɗan garin ya gane ni.

Da haka na yi suna. Inna takan kafa misali da ni a gidajen biki: "Surukina na Batsari, ko ruwa sai an yi da gaske yake kurɓa." Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, sunan yana yi mini daɗi. Ba ni da mota, ba ni da sarauta, ban yi boko ba. Kunyar nan ita ce abin da nake da shi wanda ake faɗa a wani gari.

A shekarar da nake magana, cika-ciki ya faɗo tsakiyar damina. Baba ya dawo daga asibiti a Katsina, an ce yana da hawan jini, an hana shi gishiri da kitse da jan nama. Mai ɗakina ta ce in je in duba shi, in kai masa zabi biyu. Ranar tara ga wata ce, ina azumi. Na ce to, ai abu ne mai sauƙi: in je da hantsi, in dawo kafin la'asar, in tarar tukunyarmu ta nuna.

Na iske Baba a zaure kan buzunsa, ya ɗan faɗa, fuska kamar wanda aka yi wa ƙwace a kasuwa. Na cire takalmi na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi ruwa, ya tambayi yabanya, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Baba, ya ƙarfin jiki?"

Ya ce, "Jiki da sauƙi, Na Batsari. Baki ne ba lafiya. Tun da na dawo, miyar da ake ba ni in ka zuba wa akuya sai ta kai ƙararka."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Aka shiga da zabin cikin gida, ya bi su da kallo har suka ɓace.

Bayan azahar na je in tada babur, ya ƙi. Na buga, na buga, ko tari bai yi ba. Ƙanin mai ɗakina, wanda yake sana'ar acaba, shi ya taya ni turawa zuwa wurin bakanike. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma tun yana ƙarami yake tsokanata, don ƙanin mata abokin wasa ne. Bakanike ya kwance, ya duba, ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga Dutsin-ma, gobe. Kafin mu gama magana la'asar ta yi, gabas ta haɗa hadari baƙi ƙirin. A 'yan shekarun nan kuma ba mai hankalin da zai kama hanyar Batsari da yamma, kowa ya san dalili.

Ƙanin nata ya tafa hannu ya ce, "Mijin Yaya, yau kai namu ne! Yau za mu ga yadda waliyyai suke yin cika-ciki. Da iska kuke ƙoshi ko da ƙamshi?"

Na ce, "Da haƙuri da irinku."

Na buga wa mai ɗakina waya na gaya mata. Ta ce, "To, ka lallaɓa wurin mai shayi bayan magariba, ka ci biredi da ƙwai. Kada dai ka ba ni kunya a gidanmu." Na ce ta kwantar da hankalinta, yau na fara?

Saboda hadari liman ya haɗa magariba da isha. Na buɗe baki a masallaci da dabino guda da kurɓin ruwa. Niyyata in raka Baba zaure, in zauna kaɗan, in zame. Muna sa ƙafa a zauren ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kafin in gyara zama lungun ya koma rafi, ina kallon takalmin wani yana wucewa shi kaɗai. Mai shayi kam, ko yana nan, sai dai a je masa da kwale-kwale.

Can sai ga ƙanin mai ɗakina ya fito daga cikin gida da buhu a ka, yana ɗauke da tire. Ya ajiye wani ɗan ƙaramin kwano gaban Baba. Ya jere manya uku a gabana. Sannan ya sunkuyo kamar zai gyara tabarma, ya raɗa mini a kunne.

"Jelar tana cikin na tsakiya. Tun Sallah Baba yake farautarta, har cikin rumbu ya shiga nema. Inna ta ce duk gidan nan ba inda hannunsa ba zai kai ba sai kwanonka. In an jima kwanon ya koma ciki, mu raba a can. Rabona ne wajen kitsen. Ka tsare mini ita, kai ne bankinmu."

Ya mayar da buhunsa ya ruga ciki. A nan na gane abin da ban gane ba tun aurena. Ashe duk kajin da ake jere mini, ba ni ake yanka wa ba. Yawon buɗe ido suke zuwa zaure su koma.

Zauren ya rage daga ni sai Baba sai 'yar fitilar caji. Na ɗaga murfi kamar yadda na saba, don in ce madalla. Kuskuren da na yi ke nan. A da ina ɗaga murfin ne da cikakken ciki, yau kuwa dabino guda ne a cikinsa yana yawo. Na farko tuwon shinkafa ne, malmala-malmala, yana tururi. Na tsakiya miyar gyaɗa da alayyafo, man shanu ya kwanta a kai, ga jelar a tsakiya ta yi ɗare-ɗare. Na uku farfesun zabin da na ɗauko da hannuna tun daga Batsari. Na rufe da sauri, amma ƙamshin ya riga ya fita ya zagaye zauren.

Baba ya buɗe nasa. Tuwon dawa ne da miyar kuka, wadda ko daddawa an yi mata rowa. Ya kalle ta, ta kalle shi, ya rufe.

Ya ce, "Bismillah mana, Na Batsari."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Ina rufe baki cikina ya yi wani irin ƙugi, dogo, mai hawa da sauka. Baba ya ɗaga kai ya dubi rufi.

Ya ce, "Hadarin bana da ƙarfi yake. Har cikin zaure ake tsawa."

Shi ma Baba bai taɓa cin abinci a gabana ba, don kunyar ta ɓangare biyu ce. A da in an kawo kwanuka sai ya tuna da wani aiki a cikin gida. Yau tsakar gidan ta zama tabki, ga shi ba lafiya. Ni ba damar fita, shi ba damar shiga. Muka zauna, maza biyu masu azumi a baya da azumi a gaba, ga abinci a tsakaninmu, kowa yana nazarin yatsun ƙafarsa.

Da shirun ya yi yawa sai Baba ya ɗauko tarihi. Mutum ne da ya san garin tun yana 'yan rumfunan kara, kuma in ya fara ba a katse shi.

Ya ce, "Ku yanzu ba ku san gari ba. Da muna samari, gyaɗa ita ce sarauta a ƙasar nan. Mu ɗora wa jakai, mu tahi wurin sikeli tun da asuba. In an auna an sallame mu, akwai wata tsohuwa a bakin kasuwa mai tuyar ƙuli-ƙuli. Da zafinsa take kwasowa, mai yana ɗiga ta gwiwar hannu." Ya haɗiye yawu. "Allah ya ji ƙanta."

Na ce, "Amin, Baba."

Ya ce, "Dajin Rugu kuwa, lokacin daji yana daji, ba abin tsoro sai namun cikinsa. In rani ya yi a buga gangar farauta, gari ya fita kaf. A kamo gada, a kamo zomo. A nan take a hura wuta, a barbaɗa yaji da gishiri." Ya tsaya. "Gishiri sosai."

Na ce, "Ikon Allah."

Na lura duk inda tarihin ya bi, a tukunya yake sauka. Ya ba ni labarin motar da ta fara shigowa garin, ya ƙare da tsiren da direban ya saya. Ya ba ni labarin wata shekarar fari, ya ƙare da walimar da aka yi da ruwa ya dawo. Sannan ya zo kan cika-ciki na da. Ya ce samari sukan kunna wuta a damin kara, su bi gari da gudu suna juyawa, su je su jefa a tabki, wai sun jefar da tsohuwar shekara. Da safe kowa ya faɗa ruwa ya yi wanka. Taubasai su yi ta bin juna suna neman shara, ɗan mace ya tare ɗan namiji a hanya ya ƙi sakinsa sai ya ba shi wani abu.

Ya ce, "Ni dai ban cika gudu da wutar ba. Nakan tsaya gida in tsare tukunya, don kada a bar ta ita kaɗai."

Ya juyo ya dube ni da kyau, abin da ba ya yi.

"Kakanninku kuma, mutanen Ruma ta ƙasar Batsari, mayaƙa ne. Ba su san tsoro ba. Mun ji manya na cewa in za su fita, kowa sai ya share akushi guda shi kaɗai." Ya dubi kwanukan, ya dube ni. "Ban san inda aka samo ka ba."

Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baba."

A raina kuwa lissafi nake. Gobe azumi. Gerona da ke hanyar Darini ya fara fitar da kai. Na san malamai sun yi gaskiya, na kuma san tsutsa ba ta zuwa wa'azi. A ɗaya gefen ga sunana, wanda na gina da yunwar shekaru, ga muryar mai ɗakina tana cewa kada in ba ta kunya. Na yanke shawara zan daure. Ni mutum ne mai haƙuri, har bakin layin taki an san ni.

Baba ne bai daure ba. Ya yi gyaran murya.

"Na Batsari, likita ya ce kada in riƙa kallon fitila, tana tada mini jini. Bari in juya bango." Ya juya, ya ba ni baya. "Kai kuma ka fuskanci ƙofar waje. Akwai wata akuyar maƙwabta da ke shigowa in ana ruwa. Kada ka ɗauke ido daga ƙofar nan, ko mi ka ji."

Na ce, "To, Baba." Na juya.

"Kwanukan nan kuma a matso da su tsakiya, kada ɗigon rufi ya same su."

Rufin zauren ko ɗigo ɗaya ba ya yi. Na matsar da su tsakaninmu, na koma na zuba wa ƙofa ido.

Muka ɗan jima haka, baya da baya. Sai na ji murfi ya yi ƙaras. Na ci gaba da neman akuya. Na ji wani murfin ya bi bayansa. Daga nan ban san yadda aka yi ba, hannuna na dama ya tashi da kansa ya zagaya baya. Ni dai ina kallon ƙofa, kamar yadda aka umarce ni.

Wanda bai taɓa cin tuwo ta baya ba, kada ya raina aikin. Da farko na tsoma hannu har wuyansa cikin miya, da zafinta, ba damar in yi ƙara. Na biyu na gutsuro tuwo, kafin ya zagayo ya faɗi cikin aljihun rigata. A na uku loma ta iso inda aka aike ta. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Daga nan hannun ya gane hanya. Ƙashin zabo ne kawai matsala, don yana ƙara. Sai na riƙa riƙe shi a baki ina jiran tsawa, in ta faɗi in tauna. Na lura a bayana ma tsawar ake jira.

Baba bai bar tarihi ba, don kada shiru ya tona mu. Sai dai tarihin ya canza murya.

"A zamanin... mm... Turawa... akwai wani... mm... hakimi..."

Ni kuma in ce, "Mm."

"Mutumin kirki... mm... miƙo, a'a, wato... ya yi mulki."

Tsakani da Allah na tuna da jininsa. Na ce wa ƙofa, "Baba, likita fa?"

Ya ce wa bango, "Likita yana Katsina yana cin tasa miyar."

Da na ga haka sai na ƙara sauri, don duk lomar da na ci na rage masa ciwo ne. Ban taɓa yin jinya mai daɗin wannan ba.

Ana cikin haka yatsuna suka faɗa kan jelar. Na kama gefe guda, na ja a hankali. Ta ƙi zuwa. Na ƙara ja, sai na ji ana ja ta can. Na tsaya, can ma aka tsaya. Na ja, aka ja.

Baba ya ce, "Na Batsari, akuyar ta shigo ne?"

Na ce, "Ban gan ta ba, Baba."

"To akwai abin da ke jayayya da ni a nan."

"Wataƙila kyanwa ce, Baba."

Na ji wani yatsa ya lalubo nawa, ya tsaya kan zoben azurfata.

Ya ce, "Kyanwa da zobe?"

Na saki da sauri. Ban san da ƙarfinsa yake ja ba, sai na ji ƙum, hularsa ta gaisa da bango. Na ce shi ke nan, na kashe surukina da jelar rago. Can sai na ji ya gyara zama, ya ce, "Kyanwar nan dai tana da tarbiyya." Aka ɗauki lokaci ba tarihi, sai wani sauti kamar ana tsotsar mangwaro. Daga baya na ji an zunguri hannuna da wani abu mai ɗumi.

Ya ce, "A ba kyanwa wajen ƙashin. Ni ba ni da haƙoransa."

Kyanwa ta karɓa da godiya.

Lokacin da ruwan ya fara tsagaitawa, hannuna ya zagaya kwanuka ukun bai gamu da komai ba sai hannun Baba yana irin wannan zagayen. Muka juyo a tare, kowa yana kallon wani wuri. Na mayar da murafan. A nan muka ga ɗan kwanon Baba yana zaune yadda aka kawo shi.

Ya ce, "Wannan kuma fa? In ya koma haka, an gane ban ci nawa ba. In ban ci nawa ba, mi na ci?"

Na ce, "Sai a daure a taɓa, Baba."

Ya ce, "Ni? Na yi wata guda ina daurewa. Kai ne yaro."

Haka na juya wa Baba baya na cinye tuwon dawa mai sanyi da miyar da ba gishiri, a kan cikin da ya riga ya kai wuya. Na yarda da maganarsa, akuya za ta kai ƙara.

Da na gama sai ya matso, ya rage murya.

"Ɗana, yanzu za a zo ɗaukar kwanuka. In uwar yaran nan ta ji na taɓa jelar nan, kafin gari ya waye ta buga wa ɗiyanta waya kaf, har da taka. Su taru a kaina. Goro ne kaɗai ya rage mini a duniya, shi ma su karɓe. Kai kuwa mi za a yi maka? Magana ce kawai."

Na ce, "Baba, ko a ce akuyar ce?"

"Akuya tana cin zabo? Tana rufe murfi?"

Magana ce kawai, in ji shi. Maganar da na yi shekaru ina tarawa, ina cin tsire a ɓoye kamar ɓarawo. Na dube shi. Tun da ya ba ni 'yarsa bai taɓa neman komai a wurina ba, ko buhun gero bai taɓa tambaya ba. Yau ya nema, kuma ya ce mini ɗana.

Muka ji tafiya a cikin ruwa. Ƙanin mai ɗakina ya shigo yana murza hannu, Inna kuma ta tsaya a bayan ƙofar cikin gida, inda take tsayawa kullum in ina nan. Ya ɗaga tiren, ya ji ba nauyi, ya ajiye. Ya buɗe na farko. Ya buɗe na uku. Ya bar na tsakiya a ƙarshe, ya buɗe a hankali, ya leƙa har da karkata shi wajen fitila.

Ya ce, "Inna lillahi! Inna, an fasa banki!"

Inna ta ce daga bayan ƙofa, "Malam, kai ne ko?"

Baba ya ce, "Ni? Ga kwanona nan, na cinye abina tas, ko gishiri ban nema ba."

Na durƙusa, na dubi tabarma, na ce, "Inna, ni ne."

"Duka?"

"Duka, Inna."

"Har jelar?"

"Har ƙashinta."

Da Baba ya bar ta a nan, da na gode masa. Amma sai ya ga ya kamata ya ƙarfafa shaida.

Ya ce, "Ni ban taɓa ganin irin wannan ba. Da hannu biyu yake yi. Ina ta ba shi haƙuri, ina cewa yaro a hankali, abincin ba gudu zai yi ba. Jinin Rumawa ne ya motsa."

Ƙanin mai ɗakina ya zauna daɓas a ƙasa, ya rasa ko kuka zai yi wa kitsensa ko dariya zai yi mini. Dariyar ta yi nasara.

Inna ta ce, "To, Allah ya sa albarka. A kawo wa baƙo ruwa ya wanke hannu. A kawo wa Malam sabulu ya wanke gemu, tunda miyar baƙo ta yi tsalle."

Baba ya shafa gemu, ya dubi tafin hannunsa yana ƙyalli. Ya ce, "Ai na faɗa miki da ƙarfi yake ci. Fantsamowa ta yi."

Ta gane sarai. Amma surukinta ya durƙusa ya ce shi ne, kuma ba za ta mayar da surukinta maƙaryaci ba. Don haka ba ta kai ƙarar Baba wurin kowa ba, goronsa ya tsira. Maganar da aka faɗa a zaure ita ta zama gaskiya, ita kuma ta fita gari.

Na kwana a shagon ƙanin mai ɗakina, a zaune, don kwanciya ta gagara. Da safe kafin in idar da azkar ya riga ya kai labarin tashar 'yan acaba, su kuma ba inda ba sa zuwa. Hantsi bai yi ba mai ɗakina ta kira.

Ta ce, "Kwano uku?"

Na ce, "Huɗu ne, in za a yi adalci."

Na ji tana ƙoƙarin yin fushi, abin yana ƙwace mata. Ta ce, "Shekara ashirin ina taƙama da kai a cikin ƙannena. Yanzu da wane ido zan je suna?" Sai kuma ta ce, "Baba fa, ya ci nasa?" Na ce kwanonsa dai ya koma ba komai. Ban yi ƙarya ba, ina azumi.

Wajen azahar aka gama gyaran babur. A hanyar dawowa daga wurin bakanike na wuce mai ƙosai, tana ganina ta jawo faranti ta rufe kaskonta. Na je zaure in yi sallama. Inna ta amsa daga bayan ƙofa, ta ce in gaida yara, ta ce a gaya wa 'yarta ta riƙa ƙara awo. Baba kuwa ya tashi da sandarsa ya rako ni har bakin lungu, abin da bai taɓa yi ba. Fuskarsa ta washe, kamar ba shi ne jiya ba. Na hau, na buga, babur ya tashi. Sai ya dafa kan babur ɗin, ya waiga ya ga ba kowa.

Ya ce, "Mauludi ya kusa. Ana yanka kaji a gidan nan."

Na ce, "Allah ya kai mu, Baba."

"Ka zo ka duba ni. Da wannan babur ɗin za ka zo. Kada ka bari a gyara shi sosai."

Na ce, "To, Baba."